Ƙofar Lambun Mata

Matan Maijirgi sun zaɓi Lauratu shugabar lambunsu saboda ita ta yi ta zirga-zirga Tasawa har aka haƙa musu rijiya, aka kewaye filin da waya. Da farko aiki ya yi kyau, kowace mace da fangalinta na salati da tumatir. Amma kafin tumatir ya yi fure mata suka fara janye jiki. Tsofaffi na zuwa, matan aure matasa kuwa sai jifa-jifa. Shukarsu ta fara yaushi.

Lauratu ta tara su ta yi faɗa. Suka sunkuyar da kai, suka ce za su gyara, ba su gyara ba. Ta ce duk wadda ta sake fashi za a karɓe fangalinta a ba wata.

Ranar kasuwa Gwaggo Zara'u, ƙanwar babanta, ta zo daga Hawandawaki a amalanken jaki. Tana shan fura, Lauratu na zuba mata labari.

"Ragwaye ne, Gwaggo. Ban ruwa kawai ya gagare su."

"Duka ne ba su zuwa?"

"A'a, tsofaffi na zuwa."

"Tsohuwa ta fi yarinya ƙarfi ke nan?"

Gwaggo ta ƙara jefo wata tambayar.

"Da aka soma aikin, suna zuwa?"

"Su ne ma kan gaba."

"To me ya sake tun lokacin?"

"Ban sani ba. Na dai tambaye su a taro, ba wadda ta tanka."

"A gaban surukansu kika tambaya?"

Lauratu ta ce e. Gwaggo ta ajiye ludayi ta shiga zancen tsadar wake, ba ta ƙara komawa kan lambu ba.

Washegari da hantsi Lauratu ta shiga gidan Balkisu, ɗaya daga cikin masu fashin. Ta tarar tana surfe, ta ɗauki taɓarya ta kama mata. Sai da suka gama ta ce, "Ranar da kika je lambu na ƙarshe, me ya faru?"

Balkisu ta ce, "Yaya, samarin nan ne da suka kafa fadar hira gindin itacen bedi, daidai ƙofar lambu. Suna dafa shayi, suna dariya. Ba su taɓa ce mini komai ba, amma in na duƙa jan guga sai in ji kamar ni ake kallo. Maigidana ya ji labari ya ce in bari."

Gida uku ta ƙara shiga, magana ɗaya. Wata ma wan mijinta ne ke zama wurin, ba ta iya wucewa ta gabansa da zane a jiƙe.

Ranta ya ɓaci. Ta kama hanyar gidan mai gari don a kore su, har ta kai bakin masallaci sai ta tsaya. Ita ma kullum tana wuce fadar nan, ba ta taɓa tunanin abin da ya kawo su ba. Ta juya ta nufi fadar.

Babban samarin, mai suna Maman Sani, ya miƙe ya gaishe ta.

"Duk inuwar garin nan, me ya sa sai nan?" ta ce.

"Nan kaɗai rezon waya ke kamawa, Inna. Mu duka muna da 'yan'uwa a Agadas da Libiya, kiransu muke jira."

"Kun lura ƙannenku sun daina shiga lambu?"

Bai lura ba. Da ta gaya masa dalili sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ta tambaye shi yadda yake ganin za a yi. Ya kalli wayar da ta kewaye filin, ya ce ai ƙofa ana iya mayar da ita gabas, ta wajen gidaje, a kuma tsaya da zana tsakanin bedi da rijiya.

Samarin da kansu suka yi aikin ranar Juma'a bayan masallaci. Tumatir da yawa ya riga ya mutu, sai aka dasa albasa a madadinsa. Mata suka dawo, ban da wata mai suna Hamida. Lauratu ta je gidanta ta tarar laulayin ciki ne ya kwantar da ita, ba ta ma gaya wa kowa ba tukuna. Har ƙarshen wata Lauratu ce ke ba fangalinta ruwa bayan ta gama nata.