Ɗakin Kwano

"Sauke ni, Datti. Na ce ka sauke ni, da ƙafafuna."

Ina tsaye a bakin ƙofar da ta haɗa gidana da sashen 'yan haya, na kifa faifai a ka, ina kallon Datti ya goyo Alu yana ratsa tsakar gida cikin ruwan sama. Tsohon yana bugun kafaɗarsa, bugun da ko ƙuda ba zai kora ba. Datti ya tura ƙyauren nasa ɗakin, babban, da ƙafa, ya kwantar da shi a gadonsa, ya fito ya koma ɗauko tabarma da buta.

"Inna Saude, leƙa ki gani," ya ce da ni.

Na leƙa ɗakin Alu. Rufin yana ɗiga ta ko'ina, ƙasa ta jiƙe ta zama taɓo, ga ƙwarya da kasko ya jera suna tarar ruwa. A nan ya yi kwanaki yana tari bai gaya wa kowa ba.

Sashen nan na marigayi mijina ne, ɗaki biyu da zaure. Da cinikin gyaɗa ya buɗe a Rano, baƙi suka fara neman wurin kwana, sai na ba da shi haya. Alu mutumin Kibiya ne, ɗinkin buhunan gyaɗa yake yi. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya, Hansatu, tana aure can gida. Datti kuwa saurayi ne mai gyaran keke. Ba su san juna ba, rana ɗaya kawai suka zo. Na ce sule shida nake so a wata, su je su raba yadda suka ga dama.

Ashe na jawo wa kaina shari'a. Ɗaki ɗaya babba ne, rufin kwano, da taga. Ɗayan ƙarami, rufin azara da ƙasa, ba taga sai 'yar kafa. Datti ya ɗauki babban saboda kekunan mutane da ke kwana a wurinsa, yana biyan huɗu, Alu biyu. Amma wata bai taɓa ƙarewa ba su zo gabana da ƙorafi ba. Datti ya ce da bazara kwanon nan tanda ce, Alu na can cikin sanyi yana minshari, kuma shi ya cika zaure da buhuna. Alu ya ce ɗakinsa akurki ne, in ya miƙe ƙafa sai ta taɓa bango, sule biyun ma an ci zalinsa. Su yi ta yi har tuwona ya huce, sannan kowa ya biya abin da ya saba biya, su koma zaure su ci abinci a akushi ɗaya.

A daminar shekarar da aka sami mulkin kai ciwon ya kama Alu. Malamin asibiti ya ba shi magani, ya ce ƙurar buhu ce ta daɗe tana taruwa a ƙirjinsa. Tun ranar da aka goyo shi bai ƙara fita ba. Datti ya koma ƙaramin ɗakin, yana raɓewa a lungun da ba ya yoyo. Ni nake dama wa Alu kunu, Datti ya tallafe shi ya sha.

Da wata ya ƙare, Alu ya sa aka kira ni. Na same shi ya jingina da bango, wuyansa ya rame har rigar tana zamewa. Ya kwance bakin zanen da ya rufa da shi, ya miƙo mini sule huɗu. Na duba ƙusar da bargonsa ke rataye, babu bargon, sai na gane inda kuɗin suka fito.

"Mene ne wannan, Baba?" in ji Datti daga bakin ƙofa, hannunsa duk baƙin mai.

"Kuɗin ɗaki. Wanda ya kwana a babba shi ke biyan na babba."

"Ɗakina ne. Aro na ba ka."

"Ban ari ɗakin kowa ba. Ina ciki, ina biya."

Datti ya shigo ya tsuguna. "To bari mu yi gaskiya. Da damina ɗakin nan ba shi da daraja. In ana ruwa kwano ba ya barin mutum barci. Ni can ina cikin shiru, ni ya kamata in biya huɗu."

"Shiru?" Alu ya fara dariya, tari ya tare shi, sai da muka jira ya lafa. "Ina jin ka kana kwashe ruwa da kasko. Kai da ka shekara kana ce mini kwano tsada gare shi, sai yau ya zama banza?"

"Kai ma ka shekara kana cewa an ci zalinka."

"An ci. Yanzu kuma so kake ka ci na biyu. Ka ɗauke ni a baya a gaban mace, na yi shiru. Kana ba ni kunu a baki, na yi shiru. Wannan ɗaya ka bar mini, Datti. Kada in mutu ina cin arziki a ɗakin wani."

Datti ya sunkuyar da kai. Na ga idonsa ya kaɗa, sai na yi maza na sa baki.

"Ku saurara, ni ce mai gida. Waɗancan kekunan na wa ne?"

"Na masu kawo gyara," in ji Datti.

"Sun cinye rabin ɗakin nan ko ba su cinye ba? To Alu rabin babba yake ciki. Kai kana da ƙarami da sauran rabin. Amma Alu ke da taga, kai ke da yoyo. Uku-uku za ku biya, na gama magana."

Alu ya yi lissafi a ransa, leɓensa na motsi. Can ya gyaɗa kai.

"Wannan hukunci ne," ya ce, ya karɓi sulensa ɗaya ya mayar ya ɗaure.

Bai cika wani watan ba. Wata safiya na kai kunu ya kasa haɗiya. Malam Ƙasimu, limamin unguwarmu, ya zo ya duba shi, ya ja Datti waje ya ce a sanar da 'yar Alu. Datti ya tsaya yana waiwayen ɗakin, ba ya son tafiya.

"Je ka," in ji Alu, da ƙyar ake jin muryarsa. "Ina nan. Ina za ni?"

Datti ya hau keke ya nufi Kibiya. An kwana ana ruwa, hanya ta lalace, rafi ya kawo.

Na zauna kusa da shi ina kora masa ƙuda da mafici. Daga filin makaranta ana jiyo yara suna koyon maci saboda bikin mulkin kai da ke tafe. Alu ya juya fuskarsa wajen taga, inda ake hango reshen dalbejiya da ɗan yankin sama.

"Saude."

"Na'am."

"Ki gaya wa yaron nan ya daina barin tayoyi a rana, tsagewa suke yi." Ya huta. "Ki kuma ce masa ɗakin ya ci sule huɗu. Ban taɓa kwanciya ina kallon sama daga gado ba. Kada ki gaya masa sai bayana, zai yi mini baki."

Bayan azahar numfashinsa ya sauya. Na kira Malam Ƙasimu, ya zauna a wajen kansa yana maimaita kalmar shahada a hankali, Alu yana bi da leɓe har leɓen ya tsaya.

Aka yi masa wanka a ɗakin, bayan an fitar da kekunan an jingina su a bangon tsakar gida. Aka jira har la'asar ta yi sanyi, hadari kuma yana haɗowa, Malam ya ce ba a ƙara jinkiri. Mutane suna dawowa daga maƙabarta ke nan Datti ya iso, yana tura keken da hannu, taɓo har gwiwa, Hansatu da mijinta suna biye da shi. Da ya ga mutane da fartanya a kafaɗa sai ya tsaya cik. Hansatu ta durƙushe a bakin zaure, na je na kama ta na shigar da ita cikin gida.

Sai bayan sadakar uku na isar wa Datti da saƙon. Yana zaune a dakalin ƙofar gida yana liƙe tayar wani. Ya saurara har na gama, bai ɗago ba.

"Har da tayoyin?" ya ce.

"Har da su."

Ya goge fuska da gefen hannu, ya ci gaba da aikinsa.

Na ce ya koma ɗakinsa, in ya so a nemi wani ya shiga ƙaramin. Ya ce to, amma bai koma ba, bai kuma nemo kowa ba. Kekuna kaɗai ke kwana a ɗakin kwano.

Da kaka ta yi, aka fara tonon gyaɗa, wani mutum ya zo daga Yalwa da jaki ɗauke da tsofaffin buhuna. Mato sunansa, duk shekara yakan kawo ɗinki. Ya yi sallama a zaure.

"Alu yana ciki? Ka ce masa bana da yawa, kada ya tsawwala mini."

Datti ya ajiye sifana ya gaya masa. Mato ya daɗe a tsaye riƙe da igiyar jakin. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Sannan ya sauke buhunan a gindin bango don jakin ya huta, ya zauna a dakali kusa da Datti. Na kawo musu ruwa a ƙoƙo na koma bakin ƙofa. Jakin yana ta fizgar ciyawar da damina ta bari a jikin katanga.