Awon Tumbi

"Umma, wannan ne mutumin da Abba yake kwaikwayo?"

Da jin tambayar 'yarta, allura ta soki yatsan Umma. Jami'in hukumar tace wasanni yana tsaye a ɗakin ɗinkin da ke bayan dandali, tef a hannu, yana awon tumbin audugar da mijinta ke ɗaurawa a wasa. Wai ya yi kama da na shugaban hukumar, sai an rage inci huɗu.

"Yarinta ce, ranka ya daɗe," ta ce.

A ranta kuwa tsaki ta ja. Ƙato guda, da gemu da digiri, an aiko shi yaƙi da auduga!

Shekara shida ke nan ƙungiyarsu tana wannan wasan barkwanci. Shekarar farko hukumar ta soke layi tara. 'Yan wasa suka riƙa tsayawa shiru a gurbin kowane layi, jama'a na faɗuwa don dariya. Aka haramta shirun da ya wuce daƙiƙa uku. Suka koma tari, aka ce su kawo takardar likita. Bana waƙar rufewa aka cire, mijinta ya hau dandali ya yi ta da fito. Yau kwanansa biyar a tsare, kuma rahoton mai tef ɗin nan ne zai fito da shi ko ya ƙara masa kwana.

Jami'in ya durƙusa da ƙyar gaban yarinyar. "'Yar baba, kin iya waƙoƙin Abbanki?"

"Duka! Har wadda aka hana!" Yarinyar ta ja numfashi za ta fara.

Tafin Umma ya riga waƙar, ya rufe bakin yarinyar. Ta ji ɗumin bakin, ta ji haƙorin nan mai girgiɗi.

"Ta makaranta take nufi," in ji Umma.

Ya miƙe yana naɗe tef. "Madalla. Da duk iyaye kamarki suke, ai da mun huta."

* * *

Ranar da aka sako Abba, da hantsi, Umma na zaune tana farke tumbin. Yarinyar na gefen keken ɗinki da 'yar tsanarta. Ta fara rera mata wani abu ƙasa-ƙasa, sai ta tsaya, ta waiga ƙofa. Ta ɗora tafinta a bakin 'yar tsanar.

"Yi shiru, kar a tafi da Abba."

Kai mai karatu, ranar da masu tacewa suka zo gidanka, kada ka tsaya kallon almakashinsu. Ka lura da hannunka.