Awon Jirgin Lali

Hassada ga mai rabo taki ce, ga mai yin ta kuwa gara ce, daga ciki take ci. Haka ta cinye Nahoda Famau, shugaban jirgin ruwa a tsibirin Lamu.

Shekara talatin Famau yana jan jahazi, babban jirgin nan na katako, yana kai kaya tsibiran arewa. Duk matuƙin da zai tashi sai ya biya ta wurinsa ya tambayi halin ruwa. Kwatsam Lali, wanda a da shi ke kwarfe masa ruwa daga jirgi, ya sayi kwamfuta, aka sa masa manhajar taswirar teku. Ka faɗa mata inda za ka, ta ja maka layi tsakanin duwatsu. Matuƙa suka mai da shan gahawarsu ƙofar Lali, ana ta cewa yana riga kowa isa tsibirin Kiwayu.

Ɗan hakin da ka raina! Abinci ya daina yi wa Famau daɗi. Ya sayo kwamfutar da ta fi ta Lali girma, ya kira Kombo daga Mombasa, wanda ya yi wa Lali aikin.

Kombo ya sa manhajar, ya loda taswirori, sannan ya ce, "Nahoda, kamu nawa jirginka ke nutsewa in ya ɗau kaya?"

Famau ya ce biyar. Layi ya fito, ya kewaye duwatsun ta waje, tsohuwar hanyar da ya sani tun ba a yaye Lali ba.

Famau ya ce, "Nawa ka sa wa Lali?"

"Biyu. Ai nasa ɗan kwale-kwalen roba ne."

"Sa biyu. Ko ya saye ka ne ka ɓoye mini hanyarsa?"

Kombo ya yi bayani har ya gaji. Ya ce zanen aro dai ba ya rufe katara, ya sa biyu. Layi ya miƙe ta wani siririn mashigi.

Ranar tafiya da hantsi, Lali ya ga takardar hanyar a hannun Famau, ya ce, "Baba Nahoda, wannan mashigin ba na jahazi ba ne."

"Yaushe ɗan kwarfe ya fara koya wa nahoda ruwa?"

Da suka doshi wurin, Famau ya ga ruwan ya yi haske, alamar dutse a kusa. Ya san wannan kamar yunwar cikinsa, har hannunsa ya fara karkata jirgin. Sai ya hango Lali a gaba yana wucewa sumul. Ya mai da hannun.

Jahazin ya daki dutse, ƙarar ta kai har gaɓa. Lali ne ya juyo ya kwashe shi da ma'aikatansa.

Ga abin da Famau ya rasa: jahazin da ya gada wurin ubansa, ya rabe biyu. Injinsa. Buhun siminti ɗari biyu, sun zama dutse a ƙasan teku. Ma'aikatansa shida, huɗu suna wurin Lali yanzu. Kwamfutar ce kaɗai ta rage masa, tana ɗaki lafiya lau, har yau kamu biyu ne a rubuce a cikinta.