Duhun Rumbun Malam Takama

Zulaiha ta ƙara tula wa na'urar bargo na uku, amma lambobin da ke kan kwamfutarta sai hauka suke yi. Kai! Rigar na'urar ta tsage a motar Yamai, haske yana kutsawa ciki.

Na'urar dutse ce mai kama da gilashi. Duk sa'ad da ƙwayar zarra ta fashe kusa da shi sai ya yi ɗan walƙiya, ƙanƙane ƙwarai, wanda ba ya ƙirguwa sai cikin duhu ƙirin. Aro malaminta na jami'a ya ba ta don ta gwada niƙaƙƙun duwatsun Malbaza, kuma gobe za ta mayar. In ba ta yi awon yau ba, aikin shekararta ya tashi a banza.

Ta gwada ɗakin Inna Shatu, mahaifiyarta; rufin kwano duk huda. Ƙarƙashin gado ma bai yi ba.

Mahaifinta, Malam Takama, yana gindin itacen bedi yana kallon wahalarta.

"Wai duhu kike biɗa, ɗiyata?"

"Shi fa, Baba. Wanda ko tafin hannu ba a gani."

Ya juya ya dubi rumbunsa na laka. Inna ta dafe ƙirji. A gidan nan na Tsarnawa mace ba ta taɓa leƙa rumbun maigida ba, don kada iyali su san abin da ya rage hankalinsu ya tashi.

Tsohon ya ɗauko tsani daga zaure da kansa, ya ɗage murfin.

Zulaiha ta sauka ciki da na'urar da niƙaƙƙun duwatsun. Gero ya yi ƙasa sosai, ga damina da sauran tafiya. Tausayinsa ya kama ta. Ta ajiye kayan ta fito, ta jawo wayar na'urar waje zuwa kwamfuta, shi kuma ya mayar da murfi ya toshe gefensa da tsumma.

Nan take lambobin suka natsu, suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Daɗi ya cika ta har ta yi guɗa, Inna tana mata dariya.

Malam Takama ya yi gyaran murya, bai dube ta ba.

"Mi kinka gani ciki?"

"Duhu kawai, Baba. Mai kyau kuwa."

Ya gyaɗa kai, ya jingine tsanin a jikin rumbun, bai mayar da shi zaure ba.