Bula a Ruwan Ɗauraya

Mama na tsakiyar gugar wani babban zanen gado sai ga Auta ya sake turo mata waya a gaban hanci.

"Mama, yau fa ake rufe neman shiga. Abu ɗaya ya rage in zaɓa: ƙasa, sama, ko ruwa."

"Janye min wayar nan kafin in haɗa da ita in goge."

Ya janye, amma bai tafi ba. Ya jingina da ƙofar shagon wankin, dogo da shi har kansa na taɓa igiyar shanya. Maganar shiga soja kam an gama ta tuni. Ta yi kukanta, ta yi addu'arta, ta ce Allah ya sa shi ne alheri. Saura wane ɓangare. Shi ruwa yake so, ita ta ce ƙasa. Ya kuma rantse ba zai danna komai ba sai da albarkarta, ko da za a rufe ya rasa shekarar.

"Na sama ma ban hana ba," ta ce tana yayyafa wa zanen ruwa, "in ban da kai tsani ma in ka hau sai an riƙe maka. Na ruwa kuwa fararen kaya suke sawa. Kai da farin kaya? Dubi wuyan rigarka. Wa zai bi ka cikin teku yana maka wanki?"

"Zan koya."

"Uwarka na wanki tun kafin a haife ka, ko hankici ba ka taɓa matsewa ba. Sannan jirgi yana ta juyi a kan ruwa, ina za ka ga alƙibla?"

"Akwai abin dubawa, Mama."

"Akwai abin dubawa, Mama," ta kwaikwaye shi.

Duk wannan zance ne, shi ma ya sani. Yana goye a bayanta aka zo aka ce jirgin da babansa ya shiga zai tsallaka kogi ya kife. Waɗanda suka iya iyo sun fito. Shi bai iya ba, ko gawarsa ba a samu ba. Tun daga nan ba ta yarda Auta ya je ko bakin kududdufi ba. In yara suka tafi wanka a rafi, shi yana shago yana ninke kaya. Abin da take so ɗaya ne: ƙafar ɗanta ta zauna a kan ƙasa.

Shi ya sa tun da safe ta kira yayanta a waya. Tsohon soja ne na ƙasa, ya yi ritaya, amma har yau kowa Kofur yake ce masa. Ta ce ya zo ya karɓi rigunansa, ya kuma ja wa Auta kunne.

Sai ga shi kuwa yana ɗingisawa, ya ƙame a bakin ƙofa ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, kwamandar wanki!"

"Yaya, zauna ka gaya wa yaron nan gaskiya."

Kofur ya zauna a kan ƙullin kayan mutane, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Da farko ya yi yadda aka ce masa. Ya ce soja na gaske shi ne na ƙasa, na sama direbobi ne, na ruwa kuwa masunta ne da aka ɗinka wa fararen kaya. Mama tana guga tana gyaɗa kai. Matsalar Kofur ɗaya ce, in labari ya yi masa daɗi ba ya sanin inda birki yake.

"Kai yaro, mun ga abu! Akwai ranar da aka ce mu tsallaka wani kogi da ƙafa, damina ta yi tsakiya. Ruwa har nan," ya nuna haɓarsa. "Bindiga a ka, jaka a baya, takalmi ya sha ruwa ya yi nauyi kamar dutse. Wani gajere a gabana kawai sai na ga hula tana tafiya ita kaɗai. Ta kwala na kamo shi!"

"Kawu, ashe ka iya iyo?" in ji Auta.

"Iyo? Wa ya koya min? Ai wannan gatan 'yan ruwa ne, su ake jefawa a ruwa tun farkon horo har sai sun iya kamar kifi, ga rigar ceto a wuya. Mu a zamaninmu igiya ce da salati."

Mama ta ɗaga dutsen guga ta jingine shi a tsaye.

"Yaya. Kai fa sojan ƙasa ne."

"Ƙwarai kuwa."

"To me ya kai ka cikin kogi?"

"Ah, ƙanwata, ƙasar ai da koguna a cikinta."

Sai a lokacin ya ga fuskarta. Ya dubi Auta, ya dubi silin, ya ce ƙafar nan tasa ta soma damunsa, bari ya je masallaci tun da wuri. Ko rigunan bai ɗauka ba.

Aka kira azahar. Mama ta kashe dutsen, ta yi alwala, ta shige bayan labule inda take shimfiɗa sallayarta. Ta daɗe fiye da kullum. Auta ya je ya yi tasa ya dawo ya tarar ba ta fito ba, ya zauna yana juya waya a hannu.

Da ta fito idonta ya ɗan yi ja, amma muryarta tana nan yadda take.

"Su na ruwan, da gaske koya muku za su yi? Ba jefa ku kawai za a yi a tafi ba?"

"Wanda bai iya ba ma ba ya gama horon, Mama."

"Rigar ceton kuma kowa da tasa?"

"Kowa da tasa."

"Ka yi bisimilla ka danna. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka. In ka bar salla kuwa, ko a tsakiyar teku kake zan ji."

Ya danna na ruwa. Ya taso zai rungume ta, ta tare shi da kwandon fararen riguna.

"Ajiye wayar ka zo nan."

Ta cika babban baho da ruwa, ta ɗauko ƙullin bula ta nuna masa. Kaɗan ake sawa, a kaɗa ruwan har ya yi kamar sararin sama da hantsi. In aka cika, farar riga ta koma shuɗiya, a yi maka dariya a gaban manya. A fara da wuya da bakin hannu, can datti yake ɓuya.

Auta ya naɗe hannun riga ya tsunduma hannuwansa a bahon. Mama ta ga ruwan ya wuce masa gwiwar hannu. Ta miƙa masa riga ta farko.

"Matse da kyau," ta ce. "Ba a shanya farin kaya yana ɗiga."