Guntayen Tayar Malam Kyari

Duk Jakara babu wanda bai san Malam Kyari mai takalmin taya ba. Shekara talatin yana rumfarsa da wuƙa, ya zare wayar taya tas, ya yanka tafin takalmi, ya fitar da igiyar ɗaurin kaya. Sana'a kam ya iya. Aibinsa guda: ba ya yar da komai. Guntun da ya rage, ko bai kai tafin hannu ba, sai ya cilla bayan rumfa ya ce, "Bar shi, da ranarsa."

Ranar ba ta zo ba, sai dai sauro da ɓeraye. Tari ya cika bayan rumfa, ya shiga soron gida, ya cinye har ɗakin da matarsa Dije ke ajiye tukwane. Ta yi mita har ta gaji.

Kwatsam sai ga duba-gari, wani dogo wai shi Zaharaddeen. Ya toshe hanci ya ce kwana bakwai, in ya dawo ya tarar da tarin nan, kwaɗo zai garƙama wa rumfar. Malam Kyari ya bi rumfar tasa da kallo. A rumfar nan mahaifinsa ya yi dukanci, a nan shi ma ya koyi riƙe wuƙa, kuma ba shi da wani wurin neman abinci sai ita.

Da safe ya kira mai kura, aka loda buhu shida za a kai bola. Buhu shida, a tarin da kura ɗari ba za ta kwashe ba! Dije ta yafa mayafi ta biyo su, wai sai ta gani da idonta.

Hanyar bola kuwa ta bi ta kan wani tsohon kududdufi da aka cike. Kowace shekara a zuba marmara, kowace damina ta lotsa, sai ka ce akwai mai haɗiye ta a ƙasa. Kura na zuwa nan ƙafarta ta nutse, ta kife, buhuna suka fashe. A gaban wa? A gaban wata matashiya mai hular kwano kan hijabi, ga ma'aikata suna awo.

"Shi ke nan," Malam Kyari ya ce a ransa, "hukuma ta kama ni ina zubar da shara a titi."

Matashiyar ta tsuguna ta ɗauki guntu ɗaya, ta jujjuya, ta lanƙwasa.

"Baba, ina kwana. Wannan naka ne? Akwai saura?"

"Ina! Iyakarsa ke nan, 'yata. Ɗan wannan ne kawai."

"Kai, Malam, ji tsoron Allah!" Dije ta ce daga baya. "Yarinya, soro cike, ɗaki cike, bayan rumfa kuwa ya fi Dala tsawo!"

Ya juya ya harare ta, har hularsa ta karkace. Matashiyar kuwa sai ta tuntsire da dariya. Ta ce ita ce Injiniya Bahijja, ita aka ba gyaran hanyar. Ƙasan wurin taɓo ne, marmara ta yi masa nauyi, shi ya sa yake haɗiyewa. Abu marar nauyi take nema, wanda ruwa ke ratsawa ya wuce, wato yankakkiyar taya. Sati uku tana jiran injin yanka, shiru. Ga nasa a yanke, babu ko tsinken waya.

"Wa ya cire wayar haka?"

Malam Kyari ya gyara hula. "Wa kuwa? Ai ni ba na barin waya, kada ta soki ƙafar bayin Allah."

Kwana huɗu motoci na jigila. Aka shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri a ramin, aka juye guntayen, aka naɗe su kamar alkaki a leda, aka bi da ƙasa aka daddale. Malam Kyari bai yi takalmi ko ɗaya ba a kwanakin nan, yana bakin rami yana nuna wa mutane da sanda: wancan na shekarar da aka haifi 'yarsa Halima ne, wancan tayar tirela ce. Dije ta wanke ɗakinta ta mayar da tukwanenta tana 'yar waƙa.

Ran na bakwai aka kwana ana ruwa. Da hantsi sai ga Zaharaddeen da kwaɗo a hannu, takalminsa fes babu taɓo. Ya leƙa bayan rumfa, ya leƙa soro, wayam.

"Baba, ina sharar?"

Malam Kyari bai ko ɗago daga tayar da yake yanka ba.

"Ta kanta ka biyo, ɗana."

Ya yanke tafin takalmi, wani ɗan guntu ya faɗo. Ya ɗauka, ya saci kallon ƙofar gida ko Dije na nan, ya cilla shi bayan rumfa.