Baƙuwa Daga Sawakin

Matar da Haifa ta kama wa hannu ta sauko daga mota gajera ce, busasshiya, da jakar leda a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Mukhtaru ya tsaya a ƙofar shagonsa na ɗinki a unguwar Hindawiyya ta Makka yana dubanta. Ya nemi yarinyar da yake goyawa zuwa bakin ruwa, bai same ta a wannan fuskar ba. Ƙanwarsa ce, amma ta fi shi tsufa a ido.

"Yaya," ta ce.

"Mairama. Kin sha hanya."

"Na sha."

Gaisuwar shekara sittin ke nan. Tun da 'yarsa Haifa ta tafi Jidda ɗauko ta ya sa hankici a aljihu, yana zaton zai yi kuka. Bai taɓa shi ba.

A Sawakin aka haife su, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sudan, inda Hausawa masu zuwa Makka ta ƙasa kan yada zango kafin su tsallaka Bahar Maliya. Wasu su jira wata guda, wasu su jira har su hayayyafa. Mukhtaru yana yaro mahaifinsu ya tsallako da shi, da niyyar in sun sami wurin zama a aika wa Inna da Mairama. Inna ta rasu kafin a aika. Wata gwaggonsu ta riƙe yarinyar a can har ta yi aure, miji ya tafi da ita Hartum. Tsakaninta da wanta sai kaset ɗin da alhazai ke kawowa, daga baya saƙon murya ta waya. Sai da yaƙi ya ci Hartum sannan Haifa ta samo mata bizar umara da tikitin jirgin ruwa.

Duk Hindawiyya an san Mukhtaru da zancen Sawakin. Bayan la'asar tsofaffi kan zauna a bencin ƙofar shago, ana shan shayi, shi kuma ya ɗauko: gidajen farin dutsen teku masu hawa uku a kan tsibiri, tagogin katako da aka sassaƙa kamar aikin hula, ruwa garau har ana hango kifi a ƙasansa, kyanwoyin da ba a kora domin an ce ba dukansu ne kyanwoyi ba. "Gidanmu," yakan ce, "tagarsa ruwa take kallo. In da hali, can zan koma in mutu." Masu sauraron sun ragu. Wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu an rushe unguwanninsu sun watsu a bayan gari. Ga waɗanda suka saura ya yi alkawari cewa ƙanwarsa na nan tafe, ta Sawakin ɗin ma za ta biyo, za su ji daga bakinta.

Ranar da ta iso ya sa aka soyo kifi. Suka zauna a tabarma su uku a ɗakin da ke saman shago. Mairama ta wanke hannu, ta ajiye wayarta a gefen faranti, fuskar wayar sama.

"Gwaggo, kuli, ci mana," in ji Haifa, wadda Larabci ya fi zama a bakinta.

Mairama ta gutsiri kaɗan.

"To, yaya garin?" Mukhtaru ya tambaya.

"Akwai mutane."

"Gadar shiga tsibiri tana nan? Da masallacin nan mai farar hasumiya?"

"Ban duba ba, Yaya. A bakin ƙofar tasha muke. Layin ruwa, layin burodi, layin takarda. In ka tashi daga wurinka wani ya kwanta."

Wayar ta yi haske. Ta ɗauka da sauri, ta duba, ta mayar. Saƙon kamfanin waya ne.

Haifa ce ta gaya masa sauran, washegari, tana shirin fita aiki. Munzali, autan Mairama, shi ya sa ta a motar gudu daga Hartum. Ya ce zai koma Umdurman ya ɗauko matarsa da yara, su same ta a Sawakin, wurin masu shayi da ke kusa da ƙofar tasha. Ta jira har bizar ta kusa mutuwa. Wayarsa a kashe. Matan da suke kwana tare su suka ɗauki jakarta suka tura ta cikin jirgi.

Mukhtaru ya ji, ya ce Allah ya bayyana shi, ya sauka ya buɗe shago. Bai taɓa ganin Munzali ba sai a hoto.

Suka kai ta ta yi umara. Da suka fito daga Harami ta wajen Misfala, cikin alhazai masu tafiya a ƙafa, ya tambaye ta yadda ta ji da ta ga Ɗakin Allah.

"Na gan shi," ta ce. "Na yi addu'a. Ƙafafuna na ciwo."

Kwanaki suka yi ta tafiya. Tana shara, tana wanke kwanonin da Haifa ta riga ta wanke, tana zama kusa da wurin cajin waya. Tsofaffin benci suka tambayi Mukhtaru yaushe baƙuwar za ta ba su labari, ya ce ba ta huce gajiya ba tukuna.

Wata rana da hantsi ta sauko shago ta zauna a kujerar masu jiran ɗinki. Ba kowa. Ya tsayar da keke.

"Mairama, ko sau ɗaya ba ki shiga tsibirin ba?"

"Sau ɗaya. An ce wasu 'yan gudun hijira na kwana a ciki, na je ko zan gan su."

"To?"

"Duwatsu. Tsibi-tsibi, kamar an zubar da kaya. An gyara masallaci da wani gini ko biyu. Sai kyanwoyi."

"Gidanmu fa?"

Ta ɗago ta dube shi. Ba zargi a idonta, ba tausayi.

"Haifa ta faɗa mini abin da kake gaya wa mutane. Yaya, mu ba a tsibiri muke ba. A bayan ganuwa muke, cikin bukkokin tabarma da gwangwani, kusa da inda ake yanka raƙuma. Inna wanki take yi wa alhazan da aka killace. Gidan mai taga na wani attajiri ne. Ruwa kake kai musu a kan jaki. Tun a lokacin ma rabinsa ya zube."

Mukhtaru ya dubi rigar da ke ƙarƙashin allura. Ya san haka ne. Bai san ranar da ya daina tunawa da bukkar ba. Ya tuna matakalar gidan, da sanyinta a tafin ƙafa, da yadda yakan ajiye salka ya tsaya a tagar bene har sai an kore shi. Ya jira ya ji kunya ko haushi. Babu wanda ya zo. Fankar sama tana juyawa.

"Kabarin Inna?" ya ce.

"Manyan motoci ke tsayawa a wajen yanzu. Na tsaya inda nake tsammani na yi mata fatiha."

Ya taka keke, ya ƙarasa ɗinkin wuyan rigar.

A ƙarshen wannan makon ne ta ce za ta koma. Suna cin abincin rana ta faɗa, kamar mai neman a miƙo mata gishiri.

Haifa ta ajiye cokali. "La, Gwaggo. Ki koma ina? An ce za a ƙara wa 'yan Sudan wa'adi, ni zan bi takardun. Nan kina da ɗaki, kina da likita. In ya kira, ai a nan ma wayar za ta shiga."

"In ba shi da waya fa? Wurin masu shayi ya ce. In ya zo da yara ya tambaya, a ce masa na tsallaka?"

"In kuma bai zo ba?"

"To ina can."

Haifa ta juya ga mahaifinta. "Baba, kallimha. Yi mata magana."

Mairama ma ta juyo gare shi. "Ko kuwa ka zo mu tafi, Yaya. An ce kullum kana faɗin can za ka koma. Jirgin kwana ɗaya ne."

Hon ɗin tasi ya shigo daga titi. Mukhtaru ba shi da fasfon kowace ƙasa, katin zama kawai gare shi. In ya fita ba lalle ya sake shigowa ba. Matarsa tana kwance a maƙabartar Makka, haka mahaifinsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya san ba shi ne dalilin ba. Ya laluba cikin ƙirjinsa inda garin yake zaune shekara da shekaru, ya ji wurin kamar haƙorin da aka yi wa allura.

"Akwai ɗinkin mutane a hannuna," ya ce.

Mairama ta gyaɗa kai, ta ci gaba da cin abinci.

Kafin ranar tafiya ya ɗinka mata riguna biyu masu aljihu a ciki, inda za ta sa waya da takarda. Haifa ta cika mata jaka da magani da dabino da sabulu, tana yi tana share ido da bayan hannu. Su biyun suka raka ta Jidda. Ba a barin masu rakiya su wuce ƙofar zauren matafiya, daga nan kuwa ba a hango teku, sai katanga da manyan ƙarafan sauke kaya.

"Ka yafe mini, Yaya."

"Ba ki yi mini komai ba. Ni ma ki yafe."

"Na yafe."

Ta bi bayan wasu mata masu lulluɓin Sudan. Ba ta waiwayo ba.

Da la'asar ta kashegari tsofaffi biyu suka zo benci. Ɗaya ya ce ashe baƙuwa ta tafi ba su ji labarin ba. Mukhtaru ya ce ta tafi, ya zuba musu shayi, suka yi hirar tsadar haya.

Sai bayan sati biyu saƙonta ya shigo. Yana shago, Haifa ta kawo masa abinci ta tsaya. Ya danna, ya kara a kunne. Muryar Mairama ta fito a hankali, da ƙarar janareta a bayanta. Ta ce ta sauka lafiya. Wata mai shayi, Kabira, ta ba ta wurin kwana, tana taya ta wanke kofuna. Ta ba direbobin Hartum hoton Munzali. Ba labari tukuna. Daga nan ya ji takun takalminta a kan tsakuwa, ƙarar janaretan tana nisa.

"Na zo bakin gadar," ta ce. "Ga ruwan nan. Bari in miƙa maka ka ji."

Ya danne wayar a kunnensa da hannu biyu. Iska ce kawai ke bugun wayar, fuu, fuu, sai wani yaro can nesa yana kiran wani. Saƙon ya ƙare.

"Me ta ce?" Haifa ta tambaya.

"Ta isa."

"Bas? Shi ke nan?"

"Ta kai ni bakin ruwa."

"Ka ji shi?"

Mukhtaru ya ajiye wayar a kan keke. Ya ɗauki zare ya lasa bakinsa, ya ɗaga allura wajen haske.

"Akwai iska," ya ce.